Wa Ya Cinye Kurmi, Mai Adda Ko Mai Takarda?

Duk lokacin da aka tara manya a zauren taro domin a yi kukan ƙarewar dazuzzukan ƙasar nan, mai laifi ɗaya ake nunawa da yatsa, wato talakan ƙauye mai adda da ashana. Wai shi ne yake sare kurmi, ya cinna masa wuta, ya noma wurin shekara biyu, sa'an nan ya tashi ya koma gaba ya sake wata ɓarnar. Kwamishina ya faɗa, babban sakatare ya maimaita, rediyo ta ɗauka ta watsa, har maganar ta zama kamar karatun allo a bakin 'yan makaranta. In an gama jawabi sai a dasa itace guda a gaban masu ɗaukar hoto, a yi tafi, a watse. A daren wannan rana kuwa tireloli maƙare da gungumen katako suna ratsa shingen hukuma ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce musu kanzil. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki, kuma wannan shafi ba zai sa baki a cikin dukan ba.

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da ku na Bogobiri a Kalaba, za mu ɗauki misali daga Jihar Kuros Riba, domin can ne kurmi mafi girma da ya rage wa Nijeriya yake. Ya kwanta a kan tuddai da duwatsu, tun daga duwatsun Oban a kudu, ya bi ta Afi da Mbe da Okwangwo a ƙasar Boki, har ya dangana da tsaunin Obudu a kan iyakar Kamaru. A cikinsa ne goggon birin Kuros Riba yake, wanda masana suka ƙiyasta bai kai 300 ba a duk duniya. A gefensa da cikinsa kuma akwai ƙauyukan Ejagham da Boki da sauran kabilu, waɗanda kakanninsu suka noma waɗannan gangare tun kafin a san akwai wata ƙasa mai suna Nijeriya. Tambayar da ba a so a yi ita ce: in noman nan shi ne yake cinye kurmi, yaya aka yi Bature ya zo ya tarar da kurmin a tsaye?

Bari mu fara bayyana yadda noman yake, domin da yawa daga cikin masu zaginsa ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ƙasar kurmi, musamman ta kan tudu, ba ta da ƙarfin da ido yake zato. Ruwan sama mai yawa yana wanke gishirinta, zafi kuma yana ruɓar da ganye nan da nan, saboda haka yawancin abincin shuka yana cikin jikin itatuwa da ganyen da ya zuba ne. Manomi ya san haka ko da bai je makaranta ba. Da rani sai ya yi sassabe, ya bar kayan su bushe, ya ƙona su gab da faɗuwar damina. Tokar tana mayar wa ƙasa abin da itatuwa suka tara, tana rage mata tsami, wutar kuma tana kashe irin ciyawa da ƙwari. Sai ya shuka doya da masara da agushi da gwaza da agade da rogo a gauraye, dogo yana yi wa gajere inuwa, mai yaɗo yana rufe ƙasa don kada ruwa ya kwashe ta. Bayan shekara biyu ko uku amfanin ya ragu, ciyawa ta yi yawa, sai ya ɗauke hannunsa ya bar wurin ya huta.

Wurin da aka bari ya huta shi ne abin da muke kira saura a gida, kuma a kanta duk gardamar nan take. Manomin kurmi ba ya tumɓuke kututture, saboda haka damina ɗaya ta isa su yi toho. Ba ya taɓa itatuwan da yake mora, kamar kwakwar manja da goro da itacen ogbono, sai su zama masaukin tsuntsaye da jemagu, su kuwa su zubar da irin itatuwan kurmin da ke kusa. Itatuwa masu saurin girma su ne suke fara tashi, su yi inuwa, inuwar ta kashe ciyawa, a ƙarƙashinta kuma 'ya'yan manyan itatuwa su sami damar kafuwa. In aka ba saura shekara goma sha biyar ko ashirin, baƙo zai ratsa ta ya rantse ba a taɓa sa mata adda ba. A cikinta mata suke samun itacen girki da ganyen miya da magani, maza su sami igiya da azara da nama. Mutanen ƙauye sun san saurar kowane gida, sun san shekarar da aka bar ta da shekarar da za a koma mata, kamar yadda mai shago ya san abin da ke cikin ma'ajiyarsa.

Ƙiyayyar da hukumomi suke yi wa wannan noma ta daɗe. A shekarar 1957 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kira ga gwamnatoci, inda ta ɗauki noman ƙaura a matsayin babban abin da ya tare wa ƙasashe masu zafi da ruwa hanyar ci gaba. Abin mamaki, a wannan shekara ɗin dai hukumar ta buga binciken wani masani Ba'amurke, Harold Conklin, wanda ya zauna da mutanen Hanunoo a tuddan tsibirin Mindoro na ƙasar Filifin. Ya tarar suna rarrabe tsirrai fiye da 1,600 da sunayensu, suna kuma shuka fiye da iri 400, kuma suna da ƙa'idar wurin da za a sare da wurin da ba a taɓawa. Gwamnatoci suka riƙe kiran, suka ajiye binciken a kan kanta, domin kiran ne ya dace da abin da suke so su ji.

Ilmin da ya biyo baya ya tsaya wa manomi. A shekarar 1996 wasu masana biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka nuna cewa kurmin da ya kewaye ƙauyukan Kisidugu a ƙasar Gini, wanda jami'an Faransa da magadansu suka yi ta cewa ragowar babban daji ne da mutane suka lalata, mutanen ne da kansu suka raya shi a tsakiyar ciyawa. A shekarar 2021 kuma mujallar Science ta buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a wurare 77 a nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma. Ya nuna cewa gonar da aka bari ta koma daji da kanta tana maido da kimanin kashi 78 cikin 100 na halin tsohon kurmi cikin shekara 20, kuma ƙarfin ƙasa yana dawowa kafin a cika shekara 10. Binciken ya kuma ce nauyin manyan itatuwa da ainihin irinsu suna bukatar fiye da shekara 120. Darasi biyu ke nan: saura daji ce mai rai, tsohon kurmi kuwa dukiya ce da ba a mayar da ita a rayuwar mutum ɗaya.

To, kada a ce mun rufe ido ga abin da yake zahiri. Noman ƙaura yana lalacewa, kuma a wurare da yawa ya riga ya lalace. Yana lalacewa ne a ranar da aka gajarta hutun ƙasa. In manomi ya koma wa saura bayan shekara uku ko huɗu maimakon goma sha biyar, itatuwa ba su kai su zubar da iri ba, kututture ya gaji da toho ya mutu, tokar da za a samu ba ta taka kara ta karya ba. Sai wata baƙuwar ciyawa ta rufe wurin, wadda masana tsirrai suka rubuta cewa ta shigo Nijeriya ta wajen Inugu a ƙarshen shekarun 1930, wadda mutanen kudu suka yi wa laƙabi da Awolowo ko Akintola, na Gana kuma suka ce mata Acampon. Tana rufe ƙasa, gaskiya ne, amma da rani takan bushe ta zama makamashi, gobara ta ci 'ya'yan itatuwan da suke ƙoƙarin tashi. In aka ci gaba da ƙonawa kowace shekara sai tofa ta karɓe wurin, inda tofa ta kafu kuwa kurmi ya yi sallama. A kan gangare abin ya fi muni, domin ruwan damina yana kwashe ƙasar sama ya zuba a rafi, dutse ya fito fili.

Ashe tambayar gaskiya ita ce: wa ya gajarta hutun? Ba manomin da yake komawa gajiyayyiyar ƙasa don marmari, alhali ya fi kowa sanin wahalar da ke ciki. Yana komawa ne don an ƙuntata masa, kuma tarihin ƙuntatawar a rubuce yake.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara. Tun farkon ƙarni na 20 suka shiga shata gandun daji a kudu, dokar daji ta 1916 kuma ta ƙara musu ƙarfi. Abin da ke ransu shi ne katako, maɗacin kurmi da loko da sauran itatuwan da jiragen ruwa suke kwashewa zuwa Ingila. Layin da suka ja a taswira ya haɗiye saurar ƙauyuka da yawa, domin a idon mai awo duk inda babu doya a tsaye, daji ne marar mai shi. Daga nan suka kawo wata dabara daga ƙasar Bama mai suna taungiya, wadda a harshen can take nufin noman tudu, aka fara ta a Sapoba cikin 1927. A ba manomi wani yanki na gandu ya sare, ya ƙona, ya noma shekara biyu ko uku, muddin zai dasa wa gwamnati itacenta ya kuma yi masa noma. In itacen ya yi inuwa sai ya tattara ya fita. Ku duba da kyau, jama'a. Sarewa da ƙonawar da aka kira jahilci in manomi ya yi wa kansa, ita ce aka kira ilmin daji in ya yi wa gwamnati kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, sai aka gaji layin, aka kuma ƙara masa. An share sassan gandun daji a Kuros Riba aka dasa malaina domin a ciyar da masana'antar takarda ta Oku Iboku, wadda ta fara aiki a 1986, ta kuma tsaya cik cikin shekarun 1990. Kurmin da aka sare don ita bai dawo ba, ba kuma wanda aka tsayar ya amsa tambaya. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000, sashe ɗaya a Oban, ɗaya a Okwangwo. Ba mu ƙi kafa shi ba, domin in ba don shi ba da tuni an yi gwanjon abin da ya rage. Amma an yi wa ƙauyukan da ke kewaye alkawarin raya karkara a madadin ƙasar da aka hana su, sai taimakon Turai ya tsaya bayan gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a 1995. Hanin ya zauna daram, alkawarin ya bi iska.

Sai 'yan katako. Mai katako ba ya zuwa da adda, yana zuwa da takardar izini da katafila. Yana zaɓen manyan itatuwa, waɗanda su ne iyayen iri, kowane ɗaya in ya faɗi sai ya karya na kusa da shi, a kuma ja shi ta cikin daji a bar rauni a ƙasa. Mafi illa ita ce hanyar da yake buɗewa, domin ta nan mai injin yanka yake shiga, mafarauci ya bi, mai neman gonar koko ko ayaba ya biyo sawu. Mutanen jihar ba su manta da kamfanin WEMPCO da masana'antarsa ta Ikom ba, da gwagwarmayar da Odigha Odigha ya jagoranta har ya sami lambar yabo ta Goldman a 2003, kafin gwamnatin jiha ta dakatar da kamfanin a 2004. A 2008 aka hana saran katako a jihar baki ɗaya, hanin ya kai shekara goma sha biyar kafin a ɗage shi a 2023. A tsawon wannan lokaci ƙauyen da yake da tsarin yanka itace kaɗan ya sayar don aikin gayya ya rasa wannan hanya, amma kasuwannin katako na birane ba su taɓa yin fako ba. Ku da kuke zaune kusa da su, ku ne shaida. Katakon daga sama ya faɗo?

Sai manyan gandaye. Tsakanin 2011 da 2012 aka miƙa tsofaffin gandayen kwakwa na gwamnati, irin su Calaro da Ibiae, ga kamfanin Wilmar mai hedkwata a Singafo. A irin waɗannan gandaye akwai sassan da gwamnati ta yi shekaru ba ta dasa kome ba, manoma suna ci a ciki, da aka sayar kuwa sai takarda ta yi magana. Manomin da aka tayar ba ya ɓacewa daga duniya, yana hawa tudu ne ya nemi inda zai sa adda, ko ya koma wa saurar da ba ta gama hutawa ba. Gobe sai a ɗauki hotonsa a nuna wa duniya mai cinye daji. Bambancin gandu da saura kuwa a fili yake. Saura tana komawa kurmi, gandun kwakwa ko na roba kuwa da wuya ya koma, domin an tumɓuke kututture an baje ƙasa. Binciken da Rattan Lal ya yi a cibiyar nazarin aikin gona ta IITA da ke Badun, cikin shekarun 1970 da 1980, ya nuna cewa filin da aka share da katafila yana zaizayewa fiye da wanda aka share da hannu nesa ba kusa ba.

Abin da ya ɗaure wa duk wannan gindi shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke haƙƙin mai ƙasa in ya ce don amfanin jama'a ne, diyya kuma a kan shuka da gini ake biyan ta, ba a kan ƙasar kanta ba. To, saura ba ta da shuka a tsaye, ba ta da gini. Manomin da ya yi haƙuri ya bar ƙasarsa shekara goma sha biyar ta koma daji, shi ne wanda zai tashi hannu rabbana ranar da aka zo awo. Wanda ya sare tasa ƙaf ya dasa koko, shi ne mai abin nunawa. Dokar da kanta take koya wa talaka cewa barin itace a tsaye wauta ce, sa'an nan masu dokar su hau mumbari suna kuka da halin talaka.

Wanda yake ganin mun yi ƙari, ya tuna abin da ya faru a watan Janairu na 2016. Gwamnatin Ben Ayade ta ƙudura gina wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai, sai ta fitar da sanarwar soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefen hanyar. Ku yi lissafi: murabba'in kilomita 5,200 ke nan, kusan rubu'in jihar, da sa hannu guda. Manoma nawa ne, da adda nawa, cikin shekara nawa za su taɓa fili mai wannan girma? Sai da ƙauyuka suka tashi tsaye, duniya ta sa baki, kafin a janye sanarwar a 2017.

A sahun gaba na waɗanda suka tashi akwai mutanen Ekuri, ƙauyuka biyu a Ƙaramar Hukumar Akamkpa masu kurmin gargajiya mai hekta 33,600. Manoma ne masu sassabe da ƙuna kamar kowa. Amma tun 1992 suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi sayar da dajin ga 'yan katako, suka ware wurin noma da wurin da ba a taɓawa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a 2004. Kurminsu yana cikin mafi kyawun da ya rage a wajen gandun gwamnati. In da noman ƙaura ne cutar, da Ekuri ta riga kowa zama fako. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an tabbatar masa ɗakin nasa ne.

Masu kare hukuma suna da hujja biyu, kuma ba za mu guje musu ba. Ta farko, wai hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa a Afirka mafi yawan wuraren da itatuwa suke ɓacewa ƙananan gonaki ne. Haka ne. Sai dai hoto yana ganin wurin da aka sare bana, ba ya tambayar ko saura ce da aka sare sau biyar a baya ta kuma dawo sau biyar. Da ƙyar yake ganin maɗacin da aka zare daga tsakiyar kurmi, kuma ba ya nuna takardar da ta koro manomin daga kwari zuwa kan tudu. Ta biyu, wai mutane sun yi yawa. Wannan ma haka ne: ƙidayar 1963 ta ba da kimanin miliyan 55 da rabi, yau kuwa mun haura miliyan 200, kuma koko da ayaba na kasuwa suna cin daji a Boki da Ikom da hannun 'yan ƙasa. Amma in baki ya ƙaru a gida, mai hankali ba ya fara da sayar da rumbu. Yawan jama'a dalili ne na a bar wa ƙauye ƙasarsa, a kuma taimake shi da taki da iri da dabarun dasa itatuwa masu gyara ƙasa a cikin gona, domin ya ci da yawa daga fili kaɗan. Gwamnatin da ta kasa yin wannan, ta kuma raba ƙasar ga masu jari, ba ta da bakin zargin kowa.

Wannan salon ɗora laifi ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A 1997, da hayaƙin gobarar daji ya turnuƙe Indunisiya da maƙwabtanta, manoman tudu aka fara zargi, sai daga baya ministan dazuzzukan ƙasar da kansa ya bayyana sunayen kamfanoni 176 da ake tuhuma da cinna wuta don share filin gandu. Ko'ina dai talaka ne mai arhar suna.

Wani zai ce, mu baƙi ne a kudu, cinikinmu muka zo yi, ina ruwanmu da dajin Boki? Da ruwanmu, har da tsaki. Goron da ya kafa Sabon Shagamu da Sabon Badun ɗan inuwar kurmi ne. Manjan da muke lodi zuwa arewa, da garin rogo, da agade, daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, kuma rafukan da suke shayar da su daga kan tuddan suke gangarowa. Bayan haka, da yawa daga cikinmu abin da ya fito da mu daga gida shi ne gonar gado ta ƙanƙance, saura ta ƙare, ƙasa ta gaji, mai kuɗi ya zo da takarda ya kewaye fadama. Wanda ya sha wannan bai kamata ya taya mai takarda zagin manomin wani gari ba. Mun kuma ga yadda abin yake in ya iso ƙofarmu. Cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan 2013 aka yi wa madobiya wawaso a tuddan Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, daga nan sai ƙasar Sin, har hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Ba manomi ne ya cinye madobiya don ya shuka dawa ba. 'Yan kuɗi ne suka saya, masu hatimi suka buga, yaranmu kuma suka yi dako da tuƙi a kan ladan da bai wuce na cefane ba.

Saboda haka abin da muke nema a fili yake. A gyara dokar ƙasa ta amince cewa saura gona ce, a biya diyyarta kamar yadda ake biyan ta shuka. A shata dajin kowane ƙauye tare da mutanensa, a ba su takardar da gwamna ba zai soke ta da sanarwar jarida ba. Kowace takardar izinin katako ko ta gandu a buga ta a fili, da sunan wanda aka ba, da faɗin wurin, da abin da ya biya. Tsohon kurmin da ya rage a kan duwatsu a hana kowa taɓa shi, a fara da mai katafila kafin a zo kan mai adda, a kuma cika wa ƙauyukan gefensa alkawarin da aka yi musu tun 1991. Malaman gona su koma ƙauye da aikin da aka ɗauke su dominsa.

Ku kuma 'yan'uwa, sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwar katako da gawayi, akwai naku rabon. Ku san abin da ake ɗora wa motocinku da dare, ku tambayi takarda, ku ja kunnen yaranku kada su zama 'yan barandan ɓarayin daji, domin ranar da rigima ta tashi mai kayan yana birni a kwance, baƙon da aka gani da lodi shi ne zai sha duka. Masu katin zaɓe a inda suke zaune su tambayi duk mai neman ƙuri'a abin da zai yi da ƙasar ƙauye, su kuma riƙe amsarsa. Talakan Boki da talakan Daura ciwonsu ɗaya ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, ya kuma tsare mana abin da ya rage.